Gwanintar Karanta Dutse

Abu na farko da masanin duwatsu yake yi idan ya tsinci dutse shi ne ya ɗaga guduma ya fasa shi. Bai yarda da bayan dutse ba. Rana ta dake shi, ruwan sama ya wanke shi, ƙura da tsatsa sun rufe shi, har baƙi ya koma ja, fari ya koma ruwan ƙasa. Sai an fasa ake samun fuskar da iska ba ta taɓa ba, kuma a kan wannan sabuwar fuska ake soma karatu. Zai juya ɓallen ya fuskanci rana, ya ɗan jiƙa shi domin ƙwayoyinsa su fito, ya kawo ƙaramin gilashi mai ƙara girman abu sau goma dab da idonsa, sannan ya riƙa matso da dutsen har sai ya gan shi tar. Kafin mai kallo ya gaji da tsayuwa, ya riga ya san abin da ke hannunsa, da yadda ya samu, da abin da ake sa ran tararwa a ƙarƙashin wurin.

Wannan ƙwarewa ba ta dogara da na'urori masu tsada ba. Abin da ke jakar mai ita bai wuce guduma, da gilashin nan, da wuƙar aljihu, da ɓallen tangaram wanda ba a yi wa sheƙi ba, da ɗan mayen ƙarfe, da 'yar kwalbar asid da aka surka da ruwa, da kamfas, da littafi da fensir ba. Ragowar aikin na ido ne da hannu da haƙuri, da sanin tambayar da za a fara yi wa dutse da wadda za ta biyo bayanta. Wanda ya iya jera tambayoyin nan, dunƙulen da bai fi tafin hannu ba ya ishe shi ya faɗi ko wurin da yake tsaye teku ne a da, ko bakin dutse mai aman wuta, ko gindin wani tsauni da ya daɗe da zaizayewa. Da wannan sani ake gane inda za a haƙa rijiya ta ba da ruwa, da inda za a kafa kamfanin siminti, da ƙasar da bai kamata a shigo da ita cikin gida ba.

Dutse daban, ma'adini daban

Ma'adini abu ne guda ɗaya, mai sinadarai tsayayyu da tsari tsayayye a cikin ƙwayarsa, duk inda aka same shi a duniya. Gishiri ma'adini ne, haka zinariya, haka kuza, haka farar ƙanƙarar nan ta bakin rafi da masana suke kira kwaz. Dutse kuwa taron ma'adinai ne da suka haɗu suka manne. An san ma'adinai kusan 6,000, amma waɗanda suka gina mafi yawan duwatsun duniya 'yan kaɗan ne, ba su wuce a haddace su ba. Dalili shi ne sinadarai biyu kacal, oksijin da silikon, su ne kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin ɓawon ƙasa. Mai koyo da ya riƙe ma'adinai goma sha biyu riƙo na sosai zai iya karanta yawancin duwatsun da zai gamu da su daga Sakkwato har Yola.

A ɗauki giranit, wato tsakuwar nan da tifa take saukewa a wurin gini ana zuba kankare da ita. Ga mai wucewa, toka-toka ce kawai. A ƙarƙashin gilashi kuwa abubuwa uku ne zaune tare. Akwai ƙwayoyi farare ko masu ɗan ja-ja, waɗanda idan an karkata dutsen sai wata shimfiɗaɗɗiyar fuska ta walƙa ta ɗauke. Wannan shi ne felsfa, ma'adinin da ya fi kowane yawa a ɓawon ƙasa. A tsakaninsu akwai wasu masu ruwan toka, garai-garai, ba su da fuska madaidaiciya ko ɗaya, duk inda suka fashe a lanƙwashe suke fashewa. Kwaz ke nan. Sai 'yan baƙaƙen ɗigo masu ƙyalli, waɗanda idan an sa tsinin wuƙa sai su ɓare falle-falle. Wannan maika ce.

Gwani ba ya tsayawa a kan sunaye. Zai lura cewa ƙwayoyin sun sarƙe da juna, babu rata, babu wani abu da ya liƙa su. Hakan na nufin tare suka girma daga narkakken abu guda. Zai kuma lura cewa manya ne, ido ma yana ganinsu ba gilashi. Ƙwaya ba ta girma sai ta samu lokaci, narkakken dutse kuma ba ya samun lokaci sai ya huce a hankali, a can ƙasa mai zurfin kilomitoci, inda zafi ba ya saurin fita. Ke nan duk falalen giranit da ake shanya barkono a kansa a yau, a da yana binne ne ƙarƙashin tulin duwatsun da ruwa da iska suka kwashe tuni.

Launi mayaudari ne

Abin da ido ya fara kamawa shi ne launi, kuma shi ne shaidar da gwani ya fi tuhuma. Kwaz ɗaya ne, amma ana samunsa garai, ana samun fari, da shuɗi mai ja-ja, da mai ruwan hayaƙi. Ɗan gurɓin wani sinadari da bai taka kara ya karya ba shi yake sauya masa kama. Jan yaƙutu da shuɗin safaya irin wanda ake tonowa a tsaunin Mambila ma'adini ɗaya ne. Saboda haka ake neman shaidun da ba sa canza magana.

Na farko shi ne zane. Ana goga ma'adinin a kan ɓallen tangaram a duba launin garinsa. Wata tama takan zo baƙa, wata ja, wata tana sheƙi sai ka rantse azurfa ce, amma in dai irin da ake kira hematait ce, zanenta ja ne mai duhu kullum. Wata tamar kuma zanenta baƙi ne, mayen ƙarfe yana kama ta, nan take an raba su.

Na biyu shi ne tauri. A shekarar 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai goma daga mafi laushi zuwa mafi tauri, a kan ƙa'ida ɗaya mai sauƙi: mai tauri yana kartar mai laushi, mai laushi ba ya kartar mai tauri. A mataki na 1 ya sa talk, wanda ake hoda da shi. Na 2 jifsam. Na 3 kalsait. Na 6 felsfa. Na 7 kwaz. Na 10 daiman. Daɗin wannan ma'auni shi ne mutum yana yawo da rabinsa a jikinsa da aljihunsa. Farce yana wajen 2.5, wuƙa da gilashin taga suna wajen 5.5. Idan aka miƙo wa gwani fararen duwatsu uku masu kama ɗaya, zai sa farce. Wanda ya kartu jifsam ne. Sauran biyun zai sa musu wuƙa. Wanda ya kartu kalsait ne, wanda ya gagari wuƙa har ya karci gilashi kwaz ne. Kuma bayan kowace karta yakan shafa wurin da yatsa ya sake dubawa, domin sau da yawa farin layin da ya fito garin abin da aka karta da shi ne, dutsen bai ji komai ba.

Na uku shi ne yadda ma'adini yake fashewa. Kowane yana da hanyoyin rauni da tsarin cikinsa ya tsaga masa. Maika tana da hanya ɗaya, shi ya sa take ɓarewa falle-falle. Gishirin dutse da galina, wato dutsen dalma, suna da uku a miƙe, ko sau nawa aka daka su 'yan murabba'ai suke bayarwa. Kalsait ma uku gare shi, amma a karkace. Kwaz ba shi da ko ɗaya.

Na huɗu shi ne nauyi, kuma a nan ne hannu yake aikinsa. Gwani yakan ɗan cilla dutse sama ya caɓe, ya ji ko nauyinsa ya dace da girmansa. Kwaz ya ninka nauyin ruwa sau 2.65, kuza wajen sau 7, galina sau 7.5, zinariya sau 19.3. Wannan awo tsoho ne. Abu Raihan al-Biruni, malamin Khwarizm da aka haifa a 973, ya ƙera wani mazubi mai bututu, yana jefa ma'adini a ciki yana auna ruwan da ya zubo, ya rubuta sakamakon ƙarafa da duwatsu masu daraja. Alƙalumansa sun yi kusa ƙwarai da waɗanda ake amfani da su a yau.

Sai asid. Ɗigo ɗaya a kan dutsen da ke da kalsait, sai ka ga yana tafasa yana kumfa; a kan kwaz kuwa sai ya tsaya shiru. Har harshe da haƙori suna da rabonsu: farar ƙasa irin ta Ƙanƙara a Jihar Katsina tana manne wa harshe, kuma idan an ɗan tauna laka, in an ji gurus-gurus akwai rairayi a ciki, in ta narke sumul yumɓu ne zalla. Amma wanda ya san aiki ba ya kai duk wani dutse mai nauyi da sheƙin ƙarfe bakinsa.

Inda waɗannan shaidu suka fi nuna amfaninsu shi ne a kan fairait, ma'adinin nan mai ruwan ɗorawa da sheƙi, wanda ya sha raba mutane da dukiyarsu. Kama da wane ba ta wane. A goga shi a tangaram, zanensa baƙi ne mai ɗan kore. Na zinariya rawaya ne. A sa masa wuƙa, ya gagara. Zinariya kuwa tsinin allura ma yana shigarta. A buga masa guduma, ya tarwatse ya yi gari, wani lokaci har da warin farar wuta. Zinariya sai dai ta baje ta yi faɗi. A auna a hannu, bai fi ninki 5 na ruwa ba. Gwaji huɗu, ba a kashe ko sisi ba, magana ta ƙare.

Gidaje uku

Bayan an san ma'adinan da ke cikin dutse, tambaya ta gaba ita ce ta asali. Duwatsun duniya gidaje uku ne, kuma ƙasarmu tana da kowane.

Gida na farko na narke ne, duwatsun da suka daskare daga narkakken abu. Giranit ɗan wannan gida ne, irin na Kufena a Zariya da Kwatarkwashi a Zamfara. Dutsen Zuma da ke jikin tsohuwar takardar naira 100 shi ma a ƙarƙashin ƙasa ya daskare, sai da abin da ya rufe shi ya zaizaye sannan ya bayyana. Idan kuwa narkakken ya samu hanya ya ɓullo waje da zafin da ya haura digiri 1,000, iska takan sanyaya shi da sauri, ƙwayoyin ba su samu damar girma ba. Sakamakon shi ne basal, baƙin dutse mai nauyi, mai ƙwayoyin da ido ba ya gani, wani lokaci da 'yan ramuka inda iska ta kubce. Shi ne ya shimfiɗa tudun Biu a Borno, inda tafkin Tila yake zaune a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, kuma akwai irinsa a Panyam da Kerang a Jihar Filato. Girman ƙwaya kaɗai ya isa ya raba wanda ya huce a ciki da wanda ya huce a waje.

Gida na biyu na shimfiɗa ne. Babu dutsen da yake dawwama a fili. Ruwan damina yana ruɓar da felsfa ya mayar da shi yumɓu, kwaz kuwa ya fi ƙarfin ruwa, sai ya zube ya zama yashi. Yumɓun mai ginin tukwane da yashin mai bulo duk 'ya'yan giranit ne. Koguna suna kwasarsu su jibge a kwari da tafki da teku, hawa kan hawa, har nauyi da ruwan ƙasa su manne su su sake zama dutse. Alamarsu ita ce ƙwayoyi masu mulmulallen baki da wani abu ya liƙa, da kuma layuka a kwance, na ƙasa ya girmi na sama. Girman ƙwayar yana faɗin ƙarfin ruwan da ya kawo ta. Biruni ya yi irin wannan karatu a filayen Indiya wajen shekarar 1030: ya ga manyan mulmulallun duwatsu kusa da tsaunuka, ƙanana idan an yi nisa, yashi a bakin teku, sai ya ce filin nan teku ne da koguna suka cike.

A yankin Sakkwato ana iya maimaita karatun da hannu. Farin dutsen Kalambaina yana tafasa da an ɗiga masa asid, kuma cike yake da ɓawon halittun teku da suka zama dutse. A Dukamaje da kewayen Goronyo an tono ƙasusuwan manyan dabbobin ruwa da suka rayu wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, har aka raɗa wa ɗayansu suna Goronyosaurus. Bayanin da ya haɗa waɗannan shaidu shi ne wani siririn teku ya taɓa ratsa inda Sahara take a yau ya malalo har nan. Lakar gindin wannan teku ita ce ake ƙonawa a yi siminti a Kalambaina, da kuma a Malbaza a Jamhuriyar Nijar.

Gida na uku na rikiɗa ne: duwatsun da aka binne da zurfi, zafi da matsi suka sauya su ba tare da sun narke ba. Farin dutsen siminti yakan koma mabul, irin wanda ake haƙa a Obajana. Laka takan koma shist, mai ɓarewa da ƙyallin maika. Wanda ya fi ɗaukar ido shi ne nais, mai layuka fari da baƙi a jere, sun lanƙwashe sun naɗe kamar alewar da mai alewa ya ja ya ninka ya sake ja. Duk wanda ya ga irin wannan naɗi a gefen hanyar da aka yanka cikin dutse, ya ga shaidar cewa abin da guduma take fasawa da ƙyar a yau ya taɓa yin laushi a ƙarƙashin tsaunuka. Mafi yawan ƙasar da ke tsakanin Kano da Kaduna da Gusau a kan irin wannan tsohon gindi take zaune.

Akwai kuma marmara, jar ɓawon nan da ke saman tuddai. Ita ragowa ce: damina da rani sun yi ta musayar hannu a kan dutse, ruwa ya wanke duk abin da zai iya wankewa, ya bar tsatsar ƙarfe ta taurare. Ita ce hular Dala da Goron Dutse, kuma a gindin Dala an samu shaidar narka tama tun wajen ƙarni na 7.

Wane ya riga wane

Dunƙule ɗaya yana ba da suna da asali. Tarihi kuwa sai an tsaya a gaban fa gaba ɗaya an ga yadda duwatsu suka zauna da juna. Ƙa'idar ba ta da wuya: abin da ya yanka ya zo bayan abin da aka yanka. Idan farar jijiyar kwaz ta ratsa nais, nais ya riga ta. Idan an ga gutsuren wani dutse a cikin giranit, gutsuren ya girme shi. Da kamfas ake auna inda layuka suka dosa da yadda suka karkata, a rubuta, a matsa gaba a sake aunawa, har taswira ta haɗu.

Da wannan ƙa'ida John Falconer, wani masani ɗan Sikotilan da ya zagaya Arewa a ƙarƙashin binciken ma'adinai da aka fara a 1904, ya gano wani abu da ya rubuta a littafinsa na 1911. Ya lura cewa giranit ɗin ƙasar nan iri biyu ne. Wani ya cakuɗe da nais, ya matsu tare da shi. Wani kuma ya yanko ta cikinsu duka da baki mai kaifi, babu alamar matsi a jikinsa. Ya kira na farko tsoho, na biyu sabo, ya kuma nuna cewa kuza a kewayen sabon take. A lokacin ba shi da wata na'urar auna shekarun dutse. Da aka zo aka auna daga baya ta hanyar sinadarai masu rikiɗa a hankali, sai aka samu tsohon yana wajen shekara miliyan 600, sabon kuma tsakanin miliyan 200 da 140. Aka kuma gane cewa sababbin jere suke, daga tsaunukan Abzin ta Damagaram zuwa Riruwai da Jos, na arewa sun girmi na kudu. Falconer ne ya zama shugaban farko na hukumar binciken ƙasa ta Najeriya da aka kafa a 1919. Wannan rarrabewa ta ido ita ta riƙa nuna wa masu neman kuza inda za su dosa, kuma daga duwatsun nan ne Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da ma'adinin kolumbait a shekarun 1950.

Ba da Turawa wannan ido ya fara a ƙasar nan ba. Tun kafin zuwansu maƙeran Riruwai suna wanke baƙin yashi mai nauyi a rafi, suna narka shi su zuba kuza sirara-sirara, fatake suna kai ta kasuwanni. Sun san nauyinta a ƙwarya, sun san rafin da yake da ita da wanda babu. Haka maginan rijiya suke karanta ƙasar da suke fitarwa guga bayan guga, su san an kusa ruwa ko an tarar da fa. Abin da ilimin zamani ya ƙara shi ne dalili, da taswira, da ikon faɗin abin da ke wurin da ba a taɓa haƙawa ba.

Ruwa da rai

Amfanin wannan karatu ya fi fitowa a maganar ruwa. Giranit da nais ba su da ƙofofin da ruwa zai zauna, sai a ruɓaɓɓen samansu ko a cikin tsaga. Shi ya sa a irin wannan ƙasa za a haƙa burtsatse a nan a samu ruwa, a matsa taku kaɗan a haƙa wata a tashi da ƙura. Gwani yakan bi layin tsaga a jikin fa, ya duba inda bishiyoyi suka jeru kore shar da rani, sannan ya sa na'urar da take tura lantarki cikin ƙasa ta tabbatar masa. A Maiduguri da Sakkwato lissafin daban ne, domin can duwatsun shimfiɗa ne, ruwa yana kwance cikin hawa-hawan yashi, tambayar ita ce a wane zurfi. A wasu sassan Borno hawan yashin yana matse ƙarƙashin yumɓu, har an yi zamanin da ruwa yake fitowa da kansa da zarar an huda.

Inda rashin wannan sani ya fi ciwo shi ne Zamfara. Zinariyar yankin tana cikin jijiyoyin kwaz da suka ratsa shist, kuma a wasu ramukan tare take da dalma mai yawa. Mutane suka riƙa kawo dutsen cikin gari, ana dakawa a tsakar gida, ana niƙawa a injin hatsi, ƙura tana sauka inda yara suke rarrafe. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta tarar da yara suna suma suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya har Bagega. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Galina ba ta da wuyar ganewa ga wanda aka nuna wa sau ɗaya: nauyi, ruwan toka mai sheƙi, laushi, da fashewa murabba'i-murabba'i. Ita ce kuma ake niƙawa a yi wani nau'in tozali, abin da ya sa likitoci suke gargaɗi a kan sa wa jarirai.

Sai dai a Zamfara wani kaso na dalmar ya riga ya ruɓe ya koma wani farin ma'adini da ba shi da sheƙin ƙarfe, wanda ciki yake saurin tsotsewa. Wannan ya nuna ɗaya daga cikin siffofin gwani na gaske: ya san inda idonsa ya tsaya. Ganin galina a rami ya ishe shi ya ce a dakata, amma rashin ganinta bai ishe shi ya ce babu komai ba. Daga nan sai ɗakin gwaji, inda ake yanka dutse a goge shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03, haske ya ratsa shi a ƙarƙashin madubin bincike, ko a narka garinsa a ƙidaya sinadaransa. Amma na'ura ba ta amsa sai abin da aka kawo mata. Wanda ya zaɓi dunƙulen da za a gwada, ya san daga wane hawa ya ciro shi da abin da ke kusa da shi, shi ne ya yi rabin aikin.

Ana koyar da wannan ilimi a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da ta Jos, kuma duk malamin kirki zai gaya wa ɗalibinsa cewa allo ba ya maye gurbin fili. Sai an taka, an fasa, an taɓa duwatsu masu yawa kafin ido ya faɗa. Amma tushensa bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba, bai kuma fi ƙarfin matashin da yake shiga rami da fitila a goshi ba. Farce, wuƙa, ɓallen tangaram da gilashin ƙara girma ba su kai kuɗin buhun siminti ba. A yanzu da ake rububin zinariya a Zamfara da Neja, da litiyam a Nasarawa, garin da yake da mutum ko ɗaya da ya iya waɗannan gwaje-gwaje ba za a sayi dutsensa mai daraja a farashin tsakuwa ba, ba za a sayar masa da fairait a matsayin zinariya ba, kuma zai san dutsen da dole a niƙa shi nesa da gida, da ruwa, ba a injin da ake niƙa dawa ba.